Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Raba Kuɗin Bincike Da Editocin Mujallun Ilimi: Ku Riƙa Tambayarmu Yaushe Ƙararrawa Ta Buga

Zuwa ga shugabannin hukumomin da ke ba da tallafin bincike, da majalisun jami'o'i, da editocin mujallun ilimi.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da girmamawa.

Mu da muka haɗu a kan wannan wasiƙa mun fito daga tsangayoyi daban-daban. A cikinmu akwai injiniyoyin jirgin sama da roka, akwai masu nazarin kasafin kuɗi da bashin gwamnati, akwai masu bin diddigin cututtuka masu yaɗuwa, akwai kuma masu lissafin da aikinsu shi ne gano ɓacin inji kafin ya tsaya. A takardunku fannoni huɗu ne, kowanne da kwamitinsa da fom ɗinsa. A wurin aiki kuwa tambayarmu ɗaya ce: wani abu ya fara lalacewa daga ciki, yaushe za mu sani, kuma sau nawa za mu tayar wa mutane hankali a banza kafin mu dace? Kukanmu shi ne, yadda kuke raba kuɗi da yadda kuke karɓar maƙala yana ba da lada ga binciken da ya tsallake wannan tambaya.

Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta yi tashinta na farko daga Kourou, a Guiana ta Faransa. Cikin kusan daƙiƙa 40 ta kauce hanya ta tarwatse. Kwamitin da Jacques-Louis Lions ya jagoranta ya gano cewa manhajar na'urar da ke gaya wa rokar inda ta dosa an gado ta ne daga Ariane 4. A wani wuri manhajar tana zuba wata lamba mai alaƙa da gudun rokar a kwance cikin ma'aji mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Sabuwar rokar ta fi yayarta gudu a kwance, lambar ta cika ta tumbatsa, na'urar ta tsaya. Akwai ta biyu da aka tanada don irin wannan rana, amma da yake manhajarsu ɗaya, ita ta ma riga mutuwa da wannan ciwon. Saƙon da na'urar ta aika cewa ta lalace, kwamfutar tuƙi ta karanta shi a matsayin bayanin hanya, ta murɗa bakin injinan har ƙurya.

Shekara 24 bayan haka, a Ingila, sakamakon gwajin korona 15,841 na tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020 bai shiga ƙidayar hukuma a kan lokaci ba, domin an zuba bayanan a tsohon tsarin Excel da ba ya wuce layi 65,536. Wannan adadin ma daga bit 16 ya fito. Layukan da suka haura iyaka suka zube shiru, aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda masu cutar suka yi cuɗanya da su ba. Darasin yana rubuce tun 1996, a wurin da ma'aikacin lafiya ba ya leƙawa. Maganin kuma akanta ya fi kowa saninsa: a ƙirga layukan da suka shigo, a ƙirga waɗanda suka fita, in ba su zo daidai ba a tsayar da aikin nan take.

Hanyar da dukkanmu muke bi ba ta da wuyar faɗa. Ana gina lissafin da zai yi hasashen abin da ya kamata a gani idan komai lafiya: zafin iskar da ke fita daga injin jirgi a kan wani gudu, harajin da ya kamata ya shigo a watan Maris, yawan masu zazzaɓi da asibiti ya saba gani a mako na goma na shekara. Sai a auna abin da ya faru, a cire wannan daga wancan, a samu tazara. Idan tazarar ta tsallake wata iyaka, ƙararrawa ta buga. Jadawalin da Walter Shewhart ya zana a 1924 don masana'antar kayan tarho, da dabarar da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960 wadda ta shiga tuƙin kumbon Apollo, da lissafin Robert Serfling na 1963 kan mace-macen mura da ciwon huhu da suka zarce na al'ada, duk a kan wannan tazara suka ginu. Rigimar tana wurin sa iyaka. Ka sauko da ita, ka gano matsala da wuri amma ka cika gari da ihun banza. Ka ɗaga ta, a samu shiru, ranar da ta buga kuma ya zama ihu bayan hari.

A nan ne maƙalolinmu suke yaudarar kansu, ku kuma kuke sa musu hannu. Mutum ya rubuto cewa dabararsa tana dacewa kashi 99 cikin 100, masu tantancewa su gyaɗa kai. A ɗauki mutum 100,000, a ce ɗaya cikin dubu ne ke da cutar, wato mutum 100. Gwajin da ke dacewa kashi 99 ta kowane ɓangare zai kama 99 daga cikinsu. Zai kuma nuna yatsa ga kashi ɗaya na masu lafiya 99,900, wato mutum 999. Cikin mutum 1,098 da aka ce suna da cutar, 99 ne kawai suke da ita da gaske, kusan kashi 9 cikin 100. A cire kalmar cuta a sa takardar biyan kuɗi ta bogi ko tsagewar ƙarfen fiffike, lissafin bai canza ba. Abin da muke farauta kullum abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma a irin wannan farauta kashi 99 ba ya gaya wa kowa komai. Na'urar da ba ta taɓa bugawa ko sau ɗaya ba za ta ci kashi 99.9 a wannan jarrabawa.

Don haka roƙonmu na farko, kuma mafi nauyi: kada a sake karɓar maƙala ko rahoton tallafi a kan gano matsala sai ya kawo lambobi biyu tare. Ta farko, tsawon lokacin da ke tsakanin fara ɓacin da bugawar ƙararrawa, a daƙiƙa ko kwana ko wata, gwargwadon fanni. Ta biyu, sau nawa take bugawa a banza a cikin awa dubu na tashin jirgi, ko a shekarar kasafi, ko a mako. Kuma a ƙirga ta biyun a kan yawan abin da ake sa wa ido da gaske. Iyakar Shewhart da aka saba, wato ninki uku na kai-kawon da lambobi ke yi a al'ada, tana buga ƙarya kusan sau ɗaya a awo 370. Ga injin ɗaya wannan ba komai. Amma hukumar lafiya da ke duba cuta 40 a gunduma 300 kowane mako awo 12,000 take yi, ihun ƙarya kusan 32 ke nan, ko 16 idan hauhawa kaɗai ake ƙirgawa. Kowanne yana buƙatar mutum ya buga waya, ya buɗe fayil, wani sa'in ya hau mota. Bayan wata biyu ma'aikata sun daina ɗaga kai idan ta buga, kuma ba laifinsu ba ne.

Da an tilasta mana kawo waɗannan lambobi biyu, da tuni an ga cewa tsofaffin dabaru da yawa suna nan da ƙarfinsu. Dabarar da E. S. Page ya fitar a 1954 tana tara ƙananan tazarori ɗaya bisa ɗaya maimakon duba kowace ita kaɗai. Idan matsakaicin awo ya gusa da kwatankwacin kai-kawo ɗaya, jadawalin Shewhart yana ɗaukar awo kusan 44 kafin ya farga, ita kuwa, in an saita ta yadda aka saba, kusan 10, ba tare da ƙarin ihun banza ba. Ga cutar da ke ninkawa duk mako, jinkirin mako uku na nufin masu ɗauke da ita sun ninka sau takwas. Cutar Ebola ta fara a ƙauyen Meliandou na ƙasar Gini a Disambar 2013, an yi ta zaton kwalara ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanar da ɓarkewar ba sai 23 ga Maris 2014. Kafin ta lafa ta kama sama da mutum 28,000, ta kashe sama da 11,000. Muna so duk sabuwar dabarar da aka kawo muku, komai girman kwamfutar da ta koya a kanta, a fara kara ta da irin ta Page a kan bayanai ɗaya. In ba ta kayar da ita ba, marubucin ya faɗa a shafin farko.

Sai batun bayanan gwaji, kuma a nan fanninmu na injiniyoyi ya fi kowa abin gyara. Maƙaloli ba iyaka an gina su a kan tarin awon karkarwar boris na Jami'ar Case Western Reserve. Tarin yana da amfani, amma lahanin da ke jikin boris ɗin huda shi aka yi da gangan da tartsatsin lantarki, rami mai tsabta da faɗinsa ya fara daga inci 0.007. Boris da ya ci a bakin aiki a hankali yake ci, cikin ƙura da ƙarancin mai da hayaniyar sauran sassan inji. Abin da ya fi wannan muni, mutane sukan yanka awo guda mai tsawo gunduwa-gunduwa, su cakuɗa, su koyar da manhaja da kashi 80, su jarraba ta da sauran 20. Manhajar ta haddace muryar wannan boris ɗin ne a wannan ranar. A ɗora ta a wani inji, ta ruɗe. Dokar da muke nema mai sauƙi ce: abin koyo da abin jarrabawa su fito daga inji daban, ko lokaci daban, na jarrabawar kuma ya zo bayan na koyon.

Masu lafiya da masu kuɗi suna da irin wannan ɓarakar ta wata fuska. Alƙaluman da kake gani yau na makon da annoba ta fara, an cike su daga baya da rahotannin da suka makara. A ainihin makon, abin da ke gaban jami'i wataƙila wani ɗan yanki ne na wannan adadin. Haka alƙaluman kasafi. Giɓin kasafin Girka na 2009 an yi hasashensa kashi 3.7 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, a Oktoban 2009 sabuwar gwamnati ta ce ya haura kashi 12, a Nuwamban 2010 hukumar ƙididdiga ta Turai ta tsayar da shi a 15.4. Duk wanda ya jarraba dabarar hango rikicin bashi da lambar ƙarshe, ya ba kansa amsar jarrabawa tun kafin ya shiga aji. Ana buƙatar ma'ajiyar da ke riƙe kowane adadi kamar yadda aka san shi a ranar da aka buga shi, irin wadda reshen babban bankin Amurka na St. Louis ke riƙewa. A harkar cututtuka irin wannan ajiya tana da ƙaranci ƙwarai, domin aikin ma'aji ne mai cin shekaru, ba ya haifar da maƙala, tallafin shekara uku kuma ba ya ɗaukarsa. Ku ɗauke shi, ku biya albashin mai kula da shi a matsayin kujera mai ɗorewa.

A kuma ajiye ranakun da ba abin da ya faru. Daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin gefen kumbon Challenger sun ba da shawarar kada a harba shi a sanyin da ya gaza kimanin digiri 12, saboda zoben robar da ke toshe gaɓoɓin rokar yana ƙagewa a sanyi. Muhawarar ta karkata ga tashin da aka ga zoben ya ƙone, aka ga akwai na ranar sanyi akwai na ranar ɗumi, aka ce babu hujja. Kwamitin bincike ya jera duka tashin 24 da suka gabata daga baya: a guda 20 da zafin zoben ya kai kimanin digiri 19 ko sama, uku ne kawai aka ga alamar ƙuna, a guda huɗun da ya yi ƙasa da haka kuwa duka an gani. An harba kumbon washegari a kusan digiri 2, ya tarwatse a daƙiƙa ta 73 da mutum bakwai. Asibitin da ya aiko da sifili da asibitin da bai aiko da komai ba, a jadawalai da yawa kamarsu ɗaya. Binciken kuɗin da bai gano komai ba, ba a cika shigar da shi ma'ajiya ba. Maƙalar da ta ce mun gwada bai yi ba, edita yakan mayar da ita. Duka ukun zubar da rabin hujja ne.

Wasu za su ce ihun banza ya fi shiru. Su dubi inda aka gwada shi a kan talakawa. A Holan, tsarin tantance masu karɓar tallafin renon yara ya sa aka zargi dubban iyalai da zamba bisa kuskure, aka ce su mayar da kuɗin da ba su da shi, riƙe takardar zama ɗan ƙasa biyu ma yana cikin abin da ke jawo zargi, har gwamnati ta yi murabus a Janairun 2021. A Ostareliya, shirin da aka fi sani da Robodebt ya ɗauki kuɗin shigar mai karɓar tallafin gwamnati na shekara ya raba shi daidai a kan zango 26 na mako bibbiyu, ya kwatanta da abin da mutumin ya bayyana. Mai aikin wucin gadi, da ya samu da yawa a wata uku ya zauna babu a sauran, sai ya fito a matsayin maƙaryaci. Hasashen ne gurgu, tazarar ta fito daga gurguncinsa, aka bar jaki ana dukan taiki. Injiniyan jirgi ba zai yarda a cire inji daga fiffike don fitila ɗaya ta kama ba, sai an leƙa ciki da madubin bututu. Mutum ya fi inji cancantar wannan leƙen. Duk binciken da zai ƙare a kan aljihu ko 'yancin mutane, a wajabta masa ya rubuta wane ne zai duba kafin a ɗauki mataki, da yadda wanda aka zarga zai ƙalubalanci lissafin. Ko ƙa'idar Benford, wadda ke cewa a alƙaluma da yawa lamba 1 ce ke zuwa farko kusan kashi 30 cikin 100, lamba 9 kuma ƙasa da kashi 5, nuni take yi ga inda odita zai fara dubawa. Ba ta aiki a kan kuɗin da aka ƙayyade wa iyaka ko lambobin da aka raba bi da bi, kuma ba ta kama ɓarawo da kanta.

Shaida ɗaya ba ta isa ba, shaidu biyu da suka ji daga baki ɗaya kuma shaida ɗaya ne. Jirgin Boeing 737 MAX yana da ma'auni biyu na kusurwar da iska ke bugun fiffike, amma kafin a gyara ta, manhajar da ke danna hancin jirgin ƙasa tana aiki ne da ma'auni ɗaya kawai a lokaci guda. Haɗarin Indunisiya na Oktoban 2018 da na Habasha na Maris 2019 sun ci rai 346. A lafiya, shaida ta biyu mai zaman kanta ita ce ruwan magudanar bayan gida, domin bai damu da wanda ya je asibiti da wanda bai je ba. Ta nan Isra'ila ta gano ƙwayar shan inna tana yawo a 2013 ba tare da ko yaro ɗaya ya shanye ba. Aikin kuwa na haƙuri ne: a ɗebi ruwa kaɗan-kaɗan tsawon awa 24 a haɗa, a riƙe shi a sanyin digiri 4, a gyara lissafi saboda ruwan sama yana tsarma shi. A kuɗin gwamnati, shaida ta biyu ita ce abin da banki ya biya da gaske a gefen abin da ma'aikata ta rubuta, ko alƙaluman mai ba da bashi a gefen na mai karɓa.

Ita ma maƙala tana buƙatar shaida ta biyu. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da suke samarwa, matsakaicin bunƙasarsu yana faɗawa ƙasa da sifili kaɗan. Masu tsuke bakin aljihun gwamnati suka riƙa kafa hujja da wannan. Sai a 2013 ɗalibin digiri na uku, Thomas Herndon, da malamansa biyu a Jami'ar Massachusetts ta Amherst suka karɓi jadawalin, suka ga an tsallake ƙasashe biyar wajen ɗaukar matsakaici, ga kuma wasu zaɓuɓɓukan lissafi masu ja. Da suka gyara, adadin ya koma kashi 2.2. Shekara uku kafin wani ya buɗe fayil ɗin. Muna ba da shawarar a ware kashi 10 cikin 100 na kowane babban tallafi ga wata tawaga daga wani fanni, aikinta kawai ta sake gudanar da lissafin daga ɗanyen bayani kafin a buga, sunanta kuma ya fito a kan maƙalar.

Ba mu ce fannonin nan huɗu abu ɗaya ne ta kowace fuska ba, kuma muna gargaɗin 'yan uwanmu injiniyoyi a kan haka. Inji ba ya canza hali don ya ji ana auna shi. Mai ƙin biyan haraji yana koyon inda iyakar take ya tsaya ƙasa da ita kaɗan. Jama'a suna canza abin da suke bincika a intanet idan labari ya tsorata su, shi ya sa shirin Google na hasashen mura, da aka fara a 2008, ya kusa ninka adadin hukumar lafiyar Amurka a farkon 2013, aka daina buga shi a 2015. Roka ana iya ɗaure ta a ƙasa a kunna, annoba da rikicin bashi ba su da wurin gwaji. Wannan ne ma dalilin da ya sa muke so kwamitocin tantancewa su cakuɗu: maƙalar cuta ta wuce ta hannun mai lissafin inji, maƙalar inji ta wuce ta hannun wanda ya san yadda bayani ke makara da yadda mutane ke ɓoye shi.

Akwai abu ɗaya da harkar jiragen sama ta yi wanda muke so ku ara kai tsaye. Tun 1976 Amurka tana da tsarin da matuƙi ko makanike ko mai kula da zirga-zirgar jirage zai kai rahoton kuskuren da ya kusa jawo haɗari, a cire sunansa, a yaɗa darasin ga kowa. Hukumar binciken sararin samaniya, NASA, aka ba riƙonsa, da gangan, domin ba ita ke hukunta matuƙa ba. Jami'o'i ba su da irin wannan. Ɗalibin da ya gano layin da ya zube a jadawalin malaminsa, ko mai ɗakin gwajin da ya lura ma'auni ya gusa wata shida da suka wuce, yana auna makomarsa kafin ya buɗe baki. Muna roƙon ku kafa ofishi guda na haɗin gwiwa, a hannun wanda ba shi ke raba tallafi ko ƙarin girma ba, ya karɓi irin waɗannan rahotanni, ya goge sunaye, ya fitar da taƙaitaccen bayani duk wata uku zuwa ga tsangayoyin nan huɗu a lokaci ɗaya. Mun shirya ba da mutane daga cikinmu su zauna da ma'aikatanku a tsara fom ɗin rahoton, da kuma sabon shafin da za a ƙara a takardar neman tallafi, mai gurbin jinkirin ganowa da gurbin yawan ihun banza, kafin zagayen rabon kuɗi na gaba.

Mu ne naku cikin girmamawa,

Gungun malamai da masu bincike a fannonin kuɗin gwamnati, injiniyancin jiragen sama da roka, gano ɓacin na'urori, da cututtuka masu yaɗuwa.